Kayan Ado Daga Daji Da Bakin Gulbi

Turba gari ne a ƙasar Isa, cikin Jihar Sakkwato. Isa kuwa maƙwabciyar Sabon Birni ce, dukansu suna kusa da iyakar Nijeriya da Nijar. Wannan yanki tsohuwar ƙasar Gobir ce. A nan ne kufan Alƙalawa ya ke, babban birnin Gobirawa na dā, inda Bawa Jangwarzo ya yi sarauta. An ci birnin a shekarar 1808. A wannan yanki kuma Gulbin Bunsuru da na Gagare da na Maraɗi su ke haɗuwa, su zama Gulbin Rima, wanda ya ke gangarawa har Sakkwato.

Ƙasar tana da jigawa, tana da fadama. Akwai goriba da aduwa da magarya da kurna da tsamiya da kuka da bagaruwa. Baƙo in ya wuce, itatuwa kawai zai gani. Amma mai sana'ar hannu in ya duba, zai ga tabarma da faifai da carbi da abin wuya, tun ba a yi su ba. Wannan darasi labarin waɗannan abubuwa ne, da yadda a ke mai da abin da a ke takawa a hanya ya zama abin da a ke kai wa kasuwa.

1. Ado Tsohon Abu Ne

Tun kafin mutane su san narka ƙarfe su ke yin ado da abin da su ka tsinta. A ƙasar Maroko, cikin wani kogo mai suna Bizmun, masana sun tono ƙananan katantanwa na teku guda 33, ko wace an huda ta don a zura zare. A shekarar 2021 su ka ba da labari cewa waɗannan sun fi shekara 140,000. A gabashin Afirka kuma an sami duwatsun wuya da a ka yi da ɓawon ƙwan jimina, masu shekaru dubbai.

A ƙasar Hausa ma akwai irin wannan. Wuri ɗan ƙaramin abu ne na teku. Asalinsa daga tsibiran Maldib ne, can cikin Tekun Indiya, fatake su ka kawo shi. Ya daɗe yana zaman kuɗi, har ma kalmar nan "kuɗi" ita ce jam'in "wuri." Da wani Bajamushe matafiyi mai suna Barth ya iso Kano a shekarar 1851, ya tarar a na musayar riyal ɗaya na azurfa da wuri 2,500. Wuri 20,000 kuwa shi ne keso ɗaya. A shekarar 1904 Turawa su ka hana shigowa da wuri, sannu a hankali a ka daina ciniki da shi. Amma bai ɓace ba. Har yanzu a kan gan shi a jikin kayan 'yan dambe da na makaɗa, da kitson 'yan matan Fulani.

A Tumbuktu, matan da ba su da halin sayen zinariya su kan mulmula kakin zuma, su naɗe shi da siririyar ciyawa mai ruwan ɗorawa, su yi 'yan kunne da abin wuya. Daga nesa sai ka rantse zinariya ce. 'Yan matan Hausa su ma su kan kitsa ciyawa su yi abin hannu, shi a ke kira darambuwa.

2. Goriba Da Kaba

A cikin itatuwan Gobir babu wanda ya fi goriba amfani ga masu sana'ar hannu. Tana da sauƙin ganewa. Giginya da dabino su kan miƙe sak ba reshe, ita kuwa goriba ta kan rabu biyu, ko wane reshe kuma ya sake rabuwa biyu. Akwai mace akwai namiji, macen ce kaɗai ke 'ya'ya. Yara sun san zaƙin bayan ɗan goriba. Mutanen Masar na dā ma sun san shi, gama an sami 'ya'yan goriba cikin kabarin wani Fir'auna mai suna Tutankamun, wanda ya mutu fiye da shekara 3,000 da su ka wuce.

In an gwigwiye ɗan goriba, abin da ya rage shi ne ƙodago. Cikin ƙodago akwai ƙwaya. Tun tana ɗanya tana da taushi, a na cinta. In ta bushe sai ta yi fari, ta yi tauri kamar hauren giwa. A ƙasar Iritiriya, zamanin mulkin Italiyawa, an kafa masana'anta a garin Keren inda a ke yanka wannan ƙwaya a na yin maɓallan riga, a na kai su Turai. Da roba ta yawaita sai wannan ciniki ya mutu. To, abin da yaro ya ke jifa da shi a bakin kasuwa, a wata ƙasa ya taɓa ciyad da mutane.

Kaba kuwa ita ce goriba tun tana ƙarama, kafin ta yi gangar jiki. Ganyenta a ke yanka a yi saƙa. A Jihar Maraɗi, wajen Mayahi, akwai wani kwari mai tsawo wanda saboda yawan kabarsa a ke ce masa Gulbin Kaba.

Ga yadda a ke shirya ta. A kan yanko sabon ganye wanda bai gama buɗewa ba, don shi ya fi laushi da fari. A shanya shi ya bushe, sa'an nan a tsaga shi siri-siri, a ware ƙashin daban, don da shi a ke yin tsintsiya. In za a fara aiki sai a yayyafa wa kabar ruwa. Busasshiyar kaba karyewa ta ke yi, mai danshi ita ke lanƙwasuwa.

Da kaba a ke saƙa tabarma da malafa da mafici da sanho da igiya. Lefe ma, wanda yanzu ya zama sunan kayan da ango ke kai wa amarya, asalinsa kwando ne na kaba.

3. Yadda A Ke Ɗinka Faifai

Faifai aikin mata ne, yarinya kuwa a gefen uwarta ta ke koyonsa. A kan sami ɗan damin ciyawa siriri, kaurinsa kamar na ɗan yatsa ko bai kai ba. A naɗe bakinsa da kaba, a murɗa shi ya zama ɗan zobe. Wannan ita ce cibiyar faifai. Daga nan sai a yi ta kewayawa, a na huda layin da ya gabata da basilla, a na zura kaba, a na ja. In ciyawar ta kusa ƙarewa sai a cusa wata, don kada kaurin ya canja.

Duk wuyar aikin a cibiya ta ke. In cibiya ta karkace, faifan duka zai karkace, ko da an yi kwana uku a na ɗinki. Yarinya ta kan ƙosa, ta ce, "Inna, ai ba wanda zai lura." Uwar ta kan ce, "Kwance shi, ɗiyata. Mai saye ya fi ki ido."

Zanen faifai da kaba mai launi a ke yinsa, launin kuwa shi ma daga gona da daji ya ke fitowa. Ja daga karan dafi ne, wata irin dawa da a ke shukawa don rini kawai. Ruwan ɗorawa daga saiwar rawaya ne. Shuɗi daga baba ne. Baƙi kuwa a kan samo shi daga 'ya'yan bagaruwa in an haɗa su da tsatsar ƙarfe. A yau da yawa su kan sayi garin rini a kasuwa, gama ya fi sauri. Mai ɗinki ba ta zana komai a takarda. Da ka ta ke ƙirga, ɗinki biyar fari, uku ja, biyar fari, har zanen ya fito daidai a ko wane gefe. Wanda ya iya wannan ya iya lissafi, ko bai sani ba.

Da faifai a ke rufe ƙwaryar fura, da shi a ke bakace, da shi kuma a ke jere a ɗakin amarya.

4. Ƙwarya

Ƙwarya 'yar duma ce. A na shuka duma da damina, ya yaɗu a ƙasa, ko ya hau danga da rufin ɗaki. In ya ƙosa sai a tsinke shi, mafafi ya fafe shi gida biyu. A jiƙa shi cikin ruwa har cikin ya ruɓe, a kankare, a wanke, a shanya. Dole a wanke da kyau, don duma yana da ɗaci ƙwarai. Aikin yana cin kwanaki, shi ya sa Hausawa su ka ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Ko wane irin duma da abin da a ke yi da shi. Babba shi ne masaki, ƙarami ƙoƙo. Mai dogon wuya in an raba shi ya zama ludayi biyu. Akwai gora ta ruwa, akwai zunguru na ƙunshi, akwai shantu wanda mata ke kaɗawa.

Hanyoyin yi wa ƙwarya ado uku ne. Ta fari, a kankare bayanta a waɗansu wurare a bar waɗansu, sai zane ya fito fari da ja. Ta biyu, a sassaƙa layuka da 'yar wuƙa mai tsini, a shafa baƙin tukunya ko alli ya shiga cikin layukan. Ta uku, a sa wuƙa a wuta ta yi zafi, a riƙa ƙona zanen a jikin ƙwaryar. Matan Fulani sun shahara wajen son ƙwarya mai zane, su kan adana waɗansu don ado kaɗai. In ƙwarya ta tsage kuma ba a yar da ita, a kan kai wa gyartai ya ɗinke.

5. Abin Wuya Na 'Ya'yan Itace

Wannan aiki ne da ɗan makaranta zai iya. A kan tara ƙwallon magarya da na kurna da na dabino da na aduwa, da 'ya'yan tsamiya, da 'ya'yan kuka waɗanda a ke kira guntsu, da 'ya'yan kankana ko guna. Ba sai an hau itace ba, abin da a ka ci a ka zubar ya isa. A ƙasar Sudan a na yin carbi da ƙwallon aduwa, har akwai mai ƙwaya dubu.

Da fari a wanke su sarai, kada a bar sauran zaƙi a jiki, don zaƙi ke kiran tururuwa. Na biyu, a tafasa su kaɗan. Tafasawa tana kashe ƙwarin da ke ɓoye a ciki, tana kuma sa 'ya'yan tsamiya su yi taushi. Na uku, a huda. Masu taushi, irin na kankana da tsamiya, a kan huda su da allura tun suna da danshi. Masu tauri, irin na aduwa da magarya, sai a goga kansu da gindinsu a kan dutse har su yi lebur, sa'an nan babba ya huda da basilla mai zafi. Yaro kada ya yi wannan da kansa. Na huɗu, a shanya su a inuwa, don rana mai zafi ta kan tsaga su. Na biyar, a shafa musu ɗan man gyaɗa ko man kaɗanya, a goge da tsumma har su yi sheƙi.

Saura zurawa. A auna zare kamu biyu, a ninka shi, a goga masa kakin zuma don ya yi ƙarfi. Kafin a zura ko ɗaya, a jera ƙwayoyin a kan faifai yadda a ke so su zauna. A sa mafi girma a tsakiya. Abin da a ka sa a damansa, a sa irinsa a hagunsa. Misali, ƙwallon aduwa ɗaya a tsakiya, sa'an nan 'ya'yan tsamiya uku, ƙwallon magarya ɗaya, 'ya'yan tsamiya uku, a yi ta maimaitawa. In jerin ya yi kyau a ido sai a zura, a ƙulle.

Yara maza kuma suna da nasu gwaninta. Bayan girbi su kan ɓare karan dawa, su yanka totuwarsa, su haɗa da ɓawon, su ƙera mota da jirgin sama da tabarau. Su kan gina shanu da raƙuma da yumɓun bakin gulbi. Maƙera da magina da yawa da haka su ka fara.

6. Abubuwan Da Za A Kiyaye

Ba ko wane kyakkyawan abu ba ne a ke wasa da shi. Akwai wata 'yar ƙwaya ja wur mai ɗigon baƙi a kai, a na ce mata idon zakara. Ba ta da na biyu wajen kyau, amma cikinta dafi ne mai ƙarfi. Ƙwaya ɗaya in an tauna ta tana iya kashe mutum. Ɓawonta mai tauri shi ke tsare dafin, in an huda ta kuwa an buɗe masa ƙofa ke nan. A ƙarshen shekarar 2011 a Ingila sai da a ka nemi mutane su mayar da waɗansu abin hannu da su ka saya, da a ka gane da idon zakara a ka yi su. 'Ya'yan zurma su ma suna da zane mai kyau, su ma dafi ne. Kada a yi ado da waɗannan biyu. In yaro ya haɗiye ɗaya, a gaya wa babba nan da nan, a kai shi asibiti, kada a jira sai ciwo ya taso.

Jariri kome ya samu baki ya ke kai wa, wani kuma ya cusa a hanci. Sabo da haka ba a rataya wa jariri abin wuya na ƙananan ƙwayoyi, ba a kuma barinsu a ƙasa inda ya ke rarrafe.

Gindin kaba wurin ɓuyan maciji ne da kunama. Mai yankan kaba ya kan fara bugun wurin da sanda kafin ya sa hannu.

Akwai kuma wani abin da ya fi waɗannan nauyi. Tun wajen shekarar 2019 'yan bindiga su ka addabi ƙasar Isa da Sabon Birni, har mutane da yawa su ka bar garuruwansu, waɗansu su ka ƙetara Jihar Maraɗi. Don haka yaro ba ya shiga daji neman kaba ko 'ya'yan itace sai da izinin iyayensa, sai kuma tare da manya. Abin da ke cikin gari da bakin kasuwa ya ishe shi koyo. Wanda ya bar gida ba ya iya ɗaukar gonarsa ko rumbunsa, amma sana'ar da ke hannunsa tana binsa duk inda ya sauka. Macen da ta iya faifai, in ta sami kaba da basilla, ta sami abin sayen gishiri da sabulu ba tare da ta roƙi kowa ba. Guntun gatarinka, in ji Hausawa, ya fi sari ka ba ni.

7. A Bar Na Gobe

A dā akwai jimina a dazuzzukan ƙasar Hausa, har a kan ɗora ƙwanta a kan ƙololuwar ɗaki don ado. Yau babu ita a dajin Gobir. Abin da ya sami jimina yana iya samun goriba. In a na yanke kaba kullum, a na cire har ganyen tsakiya, ba za ta taɓa tashi ta zama itace ba. In babu manyan goriba babu 'ya'ya, in babu 'ya'ya kuwa babu sabuwar kaba.

Maƙwabta na Maraɗi sun ga wannan da idonsu. Bayan farin 1973 da na 1984 gonakinsu sun zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi. Tun daga wajen 1983 wani malamin gona mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, tare da manoman wurin, su ka fara wata dabara da a ka sa wa suna sassaben zamani. In manomi ya zo sassabe, ba ya sare duk tohon da ya fito daga kututture. Ya kan zaɓi mafi ƙarfi ya bari, ya rage sauran, ya riƙa kiyaye shi har ya girma. Masana sun ƙiyasta ta wannan hanya itatuwa wajen miliyan 200 su ka tashi a Nijar, a fili mai faɗin hekta miliyan 5.

Haka mai hankali ya ke yi da kaba. Ya yanki ganye kaɗan a nan, kaɗan a can. A ko wane gungu ya bar guda ɗaya ko biyu ba ya taɓa su, har su yi tsawon da akuya ba ta kai musu. Goriba ba ta saurin girma, wanda ya bar ta yau watakila ƙanensa ne za su ci 'ya'yanta. Amma shi ma goribar da ya ke ci yanzu, wani ne ya bar masa.

Tambayoyi

1. Waɗanne gulabe ne su ke haɗuwa su zama Gulbin Rima?
2. Ta yaya a ke bambanta goriba da giginya?
3. Wuri nawa ne keso ɗaya? In riyal ɗaya wuri 2,500 ne, riyal nawa ke cikin keso?
4. Don me a ke yayyafa wa kaba ruwa kafin a fara saƙa?
5. Daga ina a ke samun jan launi, da ruwan ɗorawa, da baƙi?
6. Don me a ke tafasa 'ya'yan itace kafin a huda su?
7. Waɗanne ƙwayoyi biyu ne ba a yin ado da su? Me za a yi in yaro ya haɗiye ɗaya?
8. Mene ne sassaben zamani?

Aiki

Ko wane ɗalibi ya kawo 'ya'yan itace iri uku daga gida, ya faɗi sunan itacen ko wanne. A wanke su, a jera su a kan faifai, Malam ya duba kafin a huda. Sa'an nan ko wanne ya tambayi kakarsa irin adon da 'yan mata su ke yi sa'ad da ta ke yarinya, da abin da a ke yinsa da shi, ya rubuta amsar cikin layi biyar.